Ina laifin faifan Nirvana?

Jama'a, ran 24 ga Satumba 1991 wasu samari uku 'yan Amurka, makaɗan rock da ake kira Nirvana, suka fitar da faifai mai suna Nevermind. Kamfanin DGC bai sa ran wani ciniki ba, guda dubu 46 da 'yan kai ya fara rabawa kantuna. Cikin Janairu 1992 sai ga faifan ya ture na Michael Jackson daga kan gaba.

To, daga baya shugabansu Kurt Cobain ya dinga ƙorafi, wai an goge sautin ya yi santsi, ya koma kayan kasuwa. Ni dai ban yarda ba. Wannan gugar ta Andy Wallace ita ta shigar da waƙoƙin gidajen rediyo, kuma Cobain da kansa ya zaɓo mutumin.