Dawowar Mahama Da Mu Fataken Shanu

 Ina so in tofa albarkacin bakina a kan shugaban da Ghana ta zaɓa ranar 7 ga Disamba 2024, wato John Dramani Mahama. Dalili kuwa, na lura mutanenmu sun kasu biyu a kansa. Wasu sun riga sun gama yabo, suna cewa wahala ta ƙare. Wasu kuma sun ce ai tsohon hannu ne, mun ga mulkinsa, babu sabon abin da zai zo da shi. Ni dai ban shiga ko ɗaya ba tukuna, kuma ga hujjata.

Da farko a gode wa Allah da zaɓen ya wuce ba a rushe ƙasa ba. Mahama ya samu sama da kashi 56 cikin ɗari, Dakta Mahamudu Bawumia ya samu sama da 41, kuma tun kafin hukumar zaɓe ta faɗi sakamako Bawumia ya fito ya amsa kaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai dukiyar da ke tafiya a kan titi. Jam'iyyar NDC kuma ta kwashe kujeru sama da 180 daga cikin 276 na majalisa. Ke nan shugaban ba shi da uzurin cewa 'yan majalisa sun ɗaure masa hannu.

Abin da ya fi ba ni fata shi ne maganar sidi. Wanda ba ya cikin sana'ar nan ba zai gane yadda faɗuwar kuɗi ke yanka falke ba. Mu da sefa muke saye a Pouytenga da Fada N'Gourma, mu sayar da sidi a Kumasi ko a Tulaku ta Ashaiman. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta motsi yadda sidi ke yi. Sannan mahauci ba ya biya nan take. Zai ja sa, ya ce sai ya yanka ya sayar, a yi mako biyu ko uku ana bin bashi. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara zuwa kusan 15 a watan Nuwamba, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba. A lokacin nan mutum zai sayar da tirela guda da riba a takarda, in ya je canji ya koma arewa kuɗin ba su sake cika masa tirelar ba. Manyan fatake nawa muka sani da suka koma dillanci a shekarar nan, suna jiran la'ada a kan dabbar wani? To, a 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga wajen 15 zuwa ƙasa da 11 a tsakiyar shekara, tsadar kaya kuma ta sauko ƙasa da kashi 10 a watan Satumba. An kuma soke harajin e-levy a Afrilun 2025, wanda tun 2022 yake gutsurar kuɗin da muke tura wa yaranmu ta momo. Wannan ya shiga aljihunmu, babu mai musu.

Amma fa a bi a hankali. Babban abin da ya tallafi sidi shi ne tsadar zinariya a kasuwar duniya da raunin da dala ta yi, ga kuma dalar da babban banki ke zubawa a kasuwa. Gwamnati ta yi dabara da ta kafa GoldBod don zinariyar ƙananan masu haƙa ta bi ta hannunta, sai dai ba ita ke sa farashin zinariya ba. Ranar da farashin ya juya, a nan za mu san ko ginin na siminti ne ko na laka. Kuma ko tashin sidi ma ya ƙona wasu, domin wanda ya sayo dabba da tsohon canji ya iso kasuwa ya tarar na bayansa ya sayo da araha. Falke ba ya roƙon kuɗi su tashi ko su faɗi, roƙonsa su tsaya wuri ɗaya ya san lissafinsa.

Abu na biyu, makwabta. Galibin shanun da ake yankawa a kudu daga Burkina da Mali da Nijar suke shigowa, kuma ƙasashen nan uku sun kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. Mahama ya yi abin da ya dace a nan. Kyaftin Ibrahim Traoré ya zo bikin rantsar da shi ranar 7 ga Janairu, har da bindigarsa a ƙugu, abin da aka daɗe ana zance. Shi kuma ya naɗa wakili na musamman zuwa ƙasashen, a watan Maris ya taka da kansa ya je Bamako da Yamai da Wagadugu. Da kyau. Sai dai musafahar shugabanni ba ta hana Nijar dakatar da fitar da dabbobi ba gabanin babbar sallar 2025. Mu abin da muke so a zauna a kai shi ne takardar dabba: shaidar rigakafin da aka buga a can ta yi aiki a Paga, ta yi aiki har Ashaiman, ba a sake karɓar wani kuɗi a kanta ba.

Nan ne na zo inda shakkata take, wato hanya. Duk wanda ya taɓa kwana a bayan tirela daga Paga zuwa Bolga, Walewale, Tamale, Kintampo, Techiman har Kumasi ya san abin da nake nufi. Shinge bayan shinge, kowa da abin da zai ce ba daidai ba ne a takardarka. Kuma sun san kayanka mai rai ne. Mai buhun masara yana iya yin gardama har gari ya waye, mai shanu kuwa in aka tsayar da shi awa biyu a rana, wata dabbar za ta kwanta a tattake ta, sai dai a nemi wuƙa a gefen titi a sayar da naman a wulaƙance. Saboda haka biya muke yi, ba rasit, mu ɗora a kan mahauci, shi kuma ya ɗora a kan mai cefane. Shugaban yana ta maganar tattalin arzikin da zai yi aiki dare da rana. To mu tun kakanninmu da dare muke tafiya saboda sanyi. In da gaske ake, a fara da rage shingayen nan, a bar waɗanda tsaro ya wajabta.

Ga kuma Bawku. Ba zan shiga maganar wa ke da gaskiya a sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ba, duka abokan cinikinmu ne. Amma rikicin ya kashe kasuwar da ta kasance ƙofar dabbobi daga Burkina da Togo, har ya kai ana tare motoci a kan titin Walewale. A 2025 sulhun yana hannun Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu. Allah Ya sa abin ya ɗore. Direba dai ba ya duba takardar sulhu, in ya ji an harbi mota jiya, kuɗin lodi ya tashi yau.

Sai maganar makiyaya, wadda 'yan siyasa ba sa son taɓawa. Masu cewa Mahama ɗan arewa ne, mutumin Bole a ƙasar Gwanja inda kakanninmu suka yi fataucin goro, don haka ya san darajar saniya, su tuna shi ne a kan mulki a 2016 lokacin da aka tura jami'an tsaro Agogo korar shanu, abin da ake kira Operation Cowleg. A 2018 gwamnatin Akufo-Addo ta maimaita. Aka harbe shanu, cikinsu har da na fatake da na mutanen gari da suka ba Fulani kiwo. Ba na cewa manomin da aka cinye wa gona ba shi da hakki, yana da shi, kuma wanda ya yi ɓarna ko ya zubar da jini a kama shi da sunansa. Amma saniya ba ta san kotu ba. Har yau ban ga burtali da mashaya da wurin kiwo da aka shata da doka yadda manomi da makiyayi za su san iyakarsu ba. In damina ta zo aka sake rikici, me wannan gwamnati za ta yi dabam da na 2016? Amsar nan nake jira fiye da kowace.

Na san za a ce mini ai ya rage kuɗin kujerar hajji daga sidi 75,000 zuwa 62,000 a 2025, ya kuma ƙara mana ranar hutu bayan ƙaramar salla. Mun gode, Allah Ya saka. Amma kujerar nan da kuɗin shanu ake biyanta. Kada a ba mu hutu mu manta da kasuwa. Mutanen zango mun saba a zo mana da buhun shinkafa da sukari a azumi, a ɗauki hoto da liman, a tafi sai wani zaɓen.

Wani abu kuma, tsarin mulkin 1992 zango biyu ya ba shugaba, Mahama kuwa ya yi na farko daga 2013 zuwa 2017. Ba zai sake neman ƙuri'armu a 2028 ba. Wannan yana iya sa ya yi aikin da zai bar suna ba tare da tsoron kowa ba, yana kuma iya sa kukanmu ya zama ba shi da farashi. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya, a ba kowane yaron mota da ya iya rubutu littafi, ko da ajami ne, ya riƙa rubuta inda aka tsayar da su, minti nawa, nawa aka karɓa, dabba nawa ta kwanta. A tara na wata uku daga Paga, daga Hamile, daga Kulungugu. Sannan wakilanmu na Kumasi da Techiman da Tulaku su haɗu da sarakunan fawa da ardon Fulani, a kai wa ma'aikatar noma da ta cikin gida a rubuce, a karɓo shaidar cewa takarda ta shiga. Ni zan fara da motocin da ke sauka a wurina daga lodin mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.