Wa Ake Yi wa Fim ɗin 'Yan Makaranta? Duba daga Ƙofar Mazugal

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a tsakanin masu sukar fina-finai, har da wasu manazarta, cewa fim ɗin da aka gina a kan rayuwar 'yan makaranta domin 'yan makaranta aka yi shi. Daga nan ake yanke hukunci iri biyu. Masu kishin tarbiyya su ce ga guba an dama wa yara, masu nazari kuma su ɗauke shi nishaɗin samari da bai cancanci dogon bincike ba. Ra'ayina shi ne, a birnin Kano dai, ɗalibai ba su ne ginshiƙin masu kallon irin wannan fim ba, kuma abin da ke jan mutane gare shi ba karatu ba ne. Muddin ba a gane wannan ba, sukar da nazarin duk za su ci gaba da harbin iska.

A Amurka, inda wannan nau'in fim ya yi ƙarfi, tambayar ba ta da wuya. Fim ɗin The Breakfast Club, wanda John Hughes ya shirya a 1985, labarin ɗalibai biyar ne da aka tsare a ɗakin karatun makarantarsu ranar Asabar a matsayin horo. Kowanensu daga rukuni daban ya fito, amma kafin yamma sai suka gano kukansu ɗaya ne: iyaye da malamai ba su fahimce su ba. An yi fim ɗin ne domin matashin da ke da kuɗin kashewa a aljihunsa, mai zuwa silima da ƙafarsa, wanda al'ummarsa ta ware masa wasu shekaru tsakanin ƙuruciya da aure ta ce nasa ne. Bahaushe yana da samartaka da budurci, amma da aure yake auna su. Budurwa ita ce wadda ta isa aure ba a yi ba tukuna. Saboda haka ko da irin wannan fim ya iso Kano, ba zai tarar da mai kallon da aka ɗinka shi dominsa ba.

Ta hanyar Indiya ya iso mana, kuma Indiyawa sun riga sun sauya masa kama. Tarihin shaƙuwar Hausawa da fina-finan Indiya sananne ne ga masu karanta wannan mujalla, tun daga maƙalar Brian Larkin ta 1997 zuwa rubuce-rubucen Abdalla Uba Adamu, don haka ba sai na maimaita ba. Abu guda kawai nake son a riƙe. A da, gidajen silima irin su Palace, Plaza, Orion da Marhaba wuraren maza ne, kuma matar da ta shiga ta sayar da mutuncinta a idon gari. Talabijin da kaset ɗin bidiyo su ne suka tsallaka zaure suka kai fim tsakar gida. Lokacin da Karan Johar ya fitar da Kuch Kuch Hota Hai a 1998, wanda a ganina shi ne fim ɗin makaranta da ya fi kowane zama a zukatan Kanawa, masu kallo mafi yawa da naci suna cikin ɗaki ne: matan aure, zawarawa, da 'yan matan da ake aika ƙannensu shagon haya su karɓo kaset.

A dubi ginin fim ɗin da kyau. Rabinsa na farko ne kawai ke cikin kwaleji, inda Rahul da Anjali ke ƙwallon kwando suna faɗa suna shiryawa, har Tina, 'yar shugaban kwalejin, ta shigo tsakaninsu. Shah Rukh Khan, wanda ya fito a matsayin ɗalibin, ya haura shekara talatin a lokacin, kuma babu wanda abin ya dama, domin ba wanda ya zauna kallon ɗalibi na gaskiya. Daga nan sai labari ya koma inda nauyinsa yake. Tina ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa 'yarta wasiƙu takwas, a ta ƙarshe ta ɗora mata nauyin haɗa mahaifinta da tsohuwar ƙawarsa, wadda ita kuma an riga an sa mata rana da wani. Mutuwar uwa a kan gwiwa, marainiya a hannun kaka, mijin da ya ƙi sake aure, baikon da ake jin kunyar warwarewa: babu ɗaya daga cikin waɗannan da matar aure a Ƙofar Mazugal ko Gwammaja ke buƙatar a yi mata fassararsa. Makarantar ƙofa ce kawai. Ɗakin da aka shiga na aure ne.

To me ya sa sai ta wannan ƙofa? A nan ne nake ganin ya kamata a daɗe.

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Ƙofar Mazugal da safe zai ga ɗalibai sun rabu gida biyu, 'yan mata cikin dogayen hijabai sun nufi tasu makarantar, samari sun nufi tasu. Mafi yawan makarantun sakandaren gwamnati a Kano a rabe suke. Kwalejin Rumfa ta maza ce, ta Dala ta mata. Da yamma Islamiyya, ita ma da nata shamakin. Mai tsara labarin soyayya kuwa yana da matsala guda da dole ya warware tun a fitowa ta farko: ina saurayi da budurwa za su haɗu, su daɗe suna ganin juna, ba tare da ɗayansu ya zama mutumin banza ba? Zance a zaure ko a ƙofar gida ba ya warware ta, domin zance yana zuwa ne bayan an riga an gani an so, sau da yawa ma bayan manya sun sani. A da dandali ne ke wannan aiki, inda 'yan mata ke gaɗa da dare samari na gefe, ido na faɗawa kan ido a gaban kowa, babu mai cewa an yi laifi. Cunkoson gidaje, wa'azin malamai, makarantun dare da akwatin talabijin sun haɗu sun cinye dandali a cikin birni. Makarantar cikin fim, mai haɗa maza da mata a aji ɗaya, ita ce ta gaje shi. Tana ba wa haɗuwar hujjar da babu mai iya tsinewa, wato neman ilimi, kuma tana da filin da za a yi rawa da waƙa. Matar da aka aurar tana da shekara goma sha shida ba tuna makarantarta take yi ba idan tana kallo. Tana leƙa wasu shekaru ne da ba a taɓa ba ta ba.

Masana'antar Kannywood ta gane wannan, ko da ba ta faɗa da baki ba. Misali mafi kusa shi ne Mansoor, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni a ƙarƙashin kamfanin FKD a 2017, ya ɗora shi a kan sababbin fuskoki, mawaƙi Umar M. Shareef da Maryam Yahaya. An fara da soyayyar matasa 'yan makaranta, sannan labari ya karkata zuwa tambayar da ta fi kowace nauyi a wajen Bahaushe idan ana maganar aure, wato asali: wane ne mahaifin wannan yaro? Ɗaliban Hughes sun tashi daga horonsu sun gane ba sa buƙatar manya su faɗa musu ko su wane ne. Mansoor kuwa ba zai san kansa ba sai ya koma wajen manya. Wanda ya kira wannan kwaikwayon Indiya kawai ya tsaya a rawa da tufafi, bai bi labarin zuwa inda ya sauka ba. (Ba ina wanke masana'antar daga laifin kwafe ba ne; tana yi, wani lokaci har da rashin kunya. Amma abin da mai kwafe ya zaɓa ya riƙe da abin da ya zubar, shi ma bayani ne.)

Za a ce mini, ai yara suna kallo, kuma yanzu da waya ta shiga hannun kowa, ga fassarar Algaita ta sa Indiyawa na magana da Hausa, ba a buƙatar kaset ko izinin uwa. Gaskiya ne, kuma ban raina damuwar uban da ke ganin 'yarsa ta ɗauki aji wurin neman saurayi ba. Sai dai tarihin yadda hukuma ta tunkari lamarin yana koyar da wani abu. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan soyayya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Duk da haka fina-finan da suka mai da makaranta dandalin soyayya sun ci gaba da fitowa, ana tace su ana sakinsu. Wanda ya tayar da ƙura sosai shi ne Makaranta, da hukumar ta nemi daraktansa bayan an saki tallansa a wajajen ƙarshen 2021, alhali masu shi na cewa wayar da kai suke nufi a kan al'amuran balaga. Ba na kare kalaman da ke cikin tallan. Abin lura shi ne, muna iya zama da makarantar mafarki, domin kowa ya san ba tamu ba ce. Wadda ta yi iƙirarin faɗin abin da 'ya'yanmu ke tattaunawa a bayan aji ita ce ba mu iya jurewa.

Wannan ya bar giɓi babba, kuma a nan ne abin ya fi damuna. Ɗalibin Kano na gaskiya ba shi da fim. Ba a nuna ajin da ya cika har wasu na zaune a ƙasa, ko fargabar jarabawar kwalifayin da ke yanke wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarabawar kammala sakandare, ko yaron da ke tashi daga aji ya wuce rumfar ubangidansa a Ƙofar Wambai ko Kantin Kwari, ko yarinyar da aka sa wa rana kafin sakamakonta ya fito. Adabin da aka raina da sunan na kasuwar Kano ya riga fim isa wurin. Tun a 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, inda cire yarinya daga makaranta shi ne mafarin masifa, komawarta ga ilimi kuma shi ne tsirarta. A wannan littafi makaranta abu ce da ake ƙwacewa ake kuma ƙwatowa. A fim har yau ado ce da ake rataya wa soyayya.

Mu ma manazarta muna da namu rabon a cikin giɓin. Kundayen digiri a sassan Hausa sun cika da jigo, salo, da jerin fina-finan Indiya da aka kwafa, amma kaɗan ne suka shiga gidaje suka zauna da masu kallo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai binciken namiji iyakarsa zaure, su kuma masu amsar suna ciki. Aikin na ɗalibai mata ne da ke digiri na biyu da na uku, kuma ba ya buƙatar tallafi mai yawa. Unguwa ɗaya ta isa a fara. A tambayi uwar da ta kalli Kuch Kuch Hota Hai a kaset tana amarya, da 'yarta da ta kalli Mansoor a waya tana aji biyar na sakandare, kowace a keɓe, wane wuri a fim ɗin take mayarwa baya ta sake kallo.