Wasiƙa ga Malaman Karkarar Arewacin Kano Kan Ɗalibi Mai Waswasi

Zuwa ga malaman boko da na Islamiyya a Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Dawakin Tofa.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona. A Afrilu cutar ta ɓulla a Kano, aka kulle gari, rediyo ya riƙa kawo wa ƙauyuka labarin mace-macen birni. Da aka koma aji a Oktoba, umarni ɗaya ne ko'ina: a wanke hannu da sabulu. Yawancin yara sun wanke, annoba ta lafa, suka manta. Wasu kuwa tsoron bai sake su ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Likitoci a ƙasashe da dama sun ga waswasi, ciwon da suke kira OCD, ya tsananta ga matasa, musamman ta fuskar tsoron ƙazanta.

A karkara ciwon nan yakan ɓuya a wurin alwala. Yaron da shi ke jan guga a rijiya ya san tsadar ruwa, amma sai ya ƙarar da buta uku, liman ya sallame yana kan wanke hannu. Yarinya ta goge rubutu har takarda ta huje, ko ta ƙi taɓa allon ƙawarta. Malamin da ya ce wannan tsoron Allah ne ya ƙara wa ciwon ƙarfi. Wanda ya ɗauko bulala kuma ya koya wa yaro ɓoyewa ne kawai. Alamar da ta fi dacewa a lura da ita ita ce lokaci: idan abin na cin sama da awa guda kullum, kuma yaron da kansa ya gaji da shi amma ya kasa bari, ya wuce tsafta.

Malamin Islamiyya na da makami a hannunsa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, ta umarci wanda kokwanto ya aure shi a salla da ya yi watsi da shi. Maganin likitoci ma kusan haka yake: a saba wa mutum da abin da yake tsoro sannu a hankali, ya daure bai maimaita wankin ba, har fargabar ta sauka da kanta.

Saboda haka idan ɗalibi ya dawo karo na biyar yana tambaya, “Malam, alwalata ta yi?”, amsa ɗaya ta wadatar, domin kowane sabon tabbaci na kiran wata tambayar. Kada a yi masa dariya a gaban aji. A samu mahaifinsa a keɓe, tun kafin maƙwabta su yanke cewa iskokai ne. In abin ya hana karatu ko barci, a fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Malam Aminu Kano.