Kafin ka ce "a ƙara min gas a AC", karanta wannan zaren 🧵

1/ Zafi ya kankama. Daga Maris zuwa Mayu, Sakkwato da Maiduguri sukan wuce digiri 40, kowa na rububin kai mota gareji. Ni dai a ganina gyaran AC ba aikin "yaro zo ka duba" ba ne, kuma mu masu mota muna da hannu a haɗarin da yaran gareji ke shiga.

2/ Gas ɗin da yawancin motocinmu ke sha sunansa R134a. Da ya fito sarari, sanyinsa kan kai digiri 26 ƙasa da sifili. In ya fesu a hannu zai ƙone fata, ƙunar sanyi. In ido ya samu, ana iya rasa gani. Amma tsakani da Allah, sau nawa ka ga mai gyara da tabarau ko safar hannu?

3/ Babban abin da ke ba ni tsoro shi ne gas mai araha. Wasu na ɗura gas ɗin firji, R600a, ko ma na girki, don yana sanyi kuma ba tsada. To duka biyun suna kama wuta. Bututun da ke sanyaya iska a bayan dashbod yake. In ya yi yoyo, cikin motar da iyalinka ke zaune zai taru. Sigari ɗaya ta isa.

4/ Buɗe bonet, akwai 'yar takarda a liƙe da ke nuna irin gas ɗin motarka. Yawancin sababbin motocin Turai daga 2017 R1234yf suke amfani da shi. Ba a cakuɗa su. Ka ce a nuna maka gwangwanin kafin a ɗura, haƙƙinka ne.

5/ Sannan AC ba ya cin gas kamar yadda inji ke shan mai. In duk bayan wata biyu sai ka ƙara, akwai huda. A nemo ta a gyara. Da naitirojin ake gwajin yoyo. Kada ka yarda a jona tukunyar oksijin ta masu walda: oksijin ya haɗu da man kwamfureso, fashewa ce.

6/ Ita kuma hita da ruwan lagireto take aiki. Inji na da zafi, ruwan nan na iya wuce digiri 100, murfin ne ke danne shi. Ka buɗe, ya yi tsiri ya wanke maka fuska. A jira inji ya huce. Kuma ruwan mai launi zaƙi gare shi amma guba ne, kar a bar shi inda yara ko dabbobi za su kai.

7/ Fankar lagireto kan iya tashi da kanta ko da mota a kashe take. A cire kan batir kafin a zura hannu, haka ma kafin a kwance dashbod saboda jakar iska. In motar haibirid ce, wayoyi masu launin lemo wuta ce mai kisa, a bar wa wanda ya san aikin.

8/ Kar a bar inji na aiki a rufaffen shago, hayaƙin salansa na kisa ba sallama. Kar a kai wutar walda kusa da bututun da ke da gas, hayaƙinsa guba ne.

9/ Na san za a ce "ai rayuwa ta yi tsada, wa ke da kuɗin wannan?" Gaskiya ne. Amma tabarau da safar hannu ba su kai kuɗin gas na zubi ɗaya ba, jiran inji ya huce kuwa kyauta ne. Mu ne ke tsaye a kai muna cewa "Oga yi sauri, ina da uzuri," muna neman mafi araha. Yaron da ke ƙarƙashin bonet shi ke biya da idonsa.

10/ Iyayen gida a gareji, yaran nan amana ne iyayensu suka ba ku. Ku koya musu kare kai kafin ku miƙa musu sifana. Mu kuma mu tambayi abu uku: wane gas ne, da me za a gwada yoyo, an cire batir? Tura wa bakaniken ka. Allah Ya tsare mu.