Bikin Fitilu na Liyon da Daren Jifan Wuta

A birnin Liyon na ƙasar Faransa, kowace shekara idan 8 ga watan Disamba ta kewayo, watau tsakiyar sanyinsu, mutane sukan cika tituna da dare don kallon bikin fitilu. Akan haska manyan gine-gine da gadoji da launi iri iri, baƙi su zo daga ƙasashe masu nisa, masu masauki da masu sayar da abinci su yi ciniki. Bahaushen da ya ga hoton wannan biki yakan yi ajiyar zuciya, ya ce aikin Nasara sai kallo. Amma da ya bincika asali, da ya tarar abin ya faro ne a 1852, sa'ad da mutanen garin suka jera 'yan kyandira a tagoginsu saboda wani biki na addininsu. Ba injin, ba lantarki.

To, ashe Bahaushe bai rasa irin wannan tushe ba. A watan Muharram, wanda tsofaffi ke kira watan cika-ciki ko watan wowwo, akwai daren jifan wuta. Bayan an ci an ƙoshi, sai yara da samari su ɗaura kara ko ciyawa su kunna, su fita suna bin abokan wasansu, musamman taubasai, ana guje-guje ana raha. A cikin watan ne kuma ake biyan kuɗin shara. Dagomba na arewacin Gana suna da irinsa, suna kiransa Bugum, kuma har yau sukan fito da wutarsu a Tamale, da kiɗa, da saninsu da sanin sarakunansu. A ƙasar Hausa kuwa wasan ya ja baya ƙwarai, har ɗalibi yakan kammala digiri a Sashen Hausa bai taɓa jin sunansa ba.

Lalle masu ƙin wasan suna da hujja. Malamai da dama sun ce ba ya cikin abin da addini ya zo da shi game da Ashura, kuma wannan magana tasu ce, ba ta mai nazarin al'ada ba. Hujja ta biyu ita ce gobara. Da yake watan Musulunci yana zagayawa, Ashura ta faɗo cikin Disamba a 1978, haka kuma a 2010. Duk wanda ya san iskar hunturu, ya san abin da tartsatsi ɗaya zai yi wa danga da jinka da rumbu, ga amfanin gona an gama tarawa ke nan. Mai unguwar da ya hana yara wasa da wuta a irin wannan lokaci bai yi laifi ba.

Sai dai hana wasa daban, barin labarinsa ya ɓace daban. A nan ne garin Wudil ya cancanci a dube shi. Gari ne na bakin kogi, mai masunta, ga Kara da ke tara Fulani da fatake daga ko'ina kowace Juma'a, ga kuma jami'a tun 2001. Da wuya a sami inda ya fi shi tara masu ba da labari a wuri ɗaya. Yaron da yake da shekara goma a 1978 yanzu ya doshi sittin, iyayensa kuwa, waɗanda suka fi shi sanin waƙoƙin daren da ƙa'idodinsa, saura kaɗan.

Abin da ya kamaci ɗalibai shi ne su ɗauki rakoda su shiga Wudil da ƙauyukanta, su tambayi dattawa maza da mata: wa ke jifan wa, me ake rerawa, ina ake yar da sauran wutar, yaushe aka daina, wa ya hana. Amsar masunci ba lalle ta zo ɗaya da ta Bafillatani ba, kuma bambancin shi kansa abin rubutawa ne. In wata rana hukuma ta so shirya wa yara daren fitilu, ba na jifa ba, yashin bakin kogin Wudil da rani fili ne wanda ba jinka ba rumbu a kusa da shi.