Don Me Likita Ke Gama Magani Biyu Ko Uku Ga Sankarar Huhu?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon filin da ka saba ba ni, don in amsa wata magana da ta yaɗu daga Sabon Gari har Samaru, wai idan likita ya gama wa mai sankarar huhu magani biyu ko uku, lalube yake yi. Jama'a, ba haka ba ne.

Ku dubi tarin fuka. Sa'ad da aka gwada masa allurar streptomycin ita kaɗai a Ingila, aka buga labarin a 1948, an tarar ƙwayar cutar tana sabawa da ita cikin 'yan watanni. Dalilin ke nan yau ake fara masa da magani huɗu a haɗe. To, sankara ma haka take: tsiron da ya kuɓuce wa wannan magani, wancan ya tare shi.

In cutar ta riga ta bazu har aiki ba ya yiwuwa, ko kuwa ta komo bayan an yi, akan ɗauki cisplatin, wanda Amurka ta yarda da shi a 1978, ko ƙanensa carboplatin, a gama shi da paclitaxel ko pemetrexed. Ta jijiya ake sa su cikin ƙarin ruwa, a dakata mako uku, a sake, har sau huɗu zuwa shida. Dakatawar nan ba sakaci ba ce. Maganin yana taɓa ɓargo, tilas a bar jini ya farfaɗo. Akwai amai da kasala, wani kuma gashinsa ya zube. A 2018 aka tabbatar cewa in an ƙara pembrolizumab, mai ta da garkuwar jiki, masu ciwon sun fi daɗewa, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, a wannan mataki galibi ba warkarwa ake nema ba. Ana neman a danne cutar ne, numfashi ya samu, ciwo ya lafa. Saboda haka kafin dangi su sayar da gona, su tambayi likita ƙarara abin da ake sa rai, da jimlar kuɗin zagayen duka, kada a yi biyu a tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne, sankarar huhu da tarin fuka kamarsu ɗaya: tari, rama, kakin jini. Wanda aka auna kakinsa a Saye ko wani asibiti ba a ga tarin fuka ba, ko ya sha magani wata biyu bai ji sauƙi ba, kada ya zauna. Ya nemi takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, a tsakuri tsokar a auna, gama awon nan ne ke nuna magungunan da za a gama masa.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Sabon Gari, Zariya.