Magana a kan Waldar Kik ɗin Babur da Ɓoye Aibi

  

Har yanzu akwai tsofaffin babura a hannun malamai da 'yan kasuwa, irin su Vespa wadda aka fara ƙerawa a Italiya a 1946, da Honda CG125 ta Japan wadda ta fito a 1975. Waɗannan ba su tashi sai an taka ƙarfen nan na gefen inji da ake kira kik. Wani aibin da yakan same su shi ne kik ya saki, ya riƙa girgiɗi a mazauninsa, kuma maganin da ya zama ruwan dare shi ne a kai wa mai walda ya liƙe shi. Wannan magani ɓarna ce, kuma sau da yawa akwai zalunci a cikinsa.

Ga yadda abin yake. Gindin kik zobe ne mai tsaga, cikinsa da ƙananan haƙora. Sandar da ta fito daga cikin inji ita ma tana da haƙora a bakinta, suna shiga cikin na zoben, sa'an nan noti guda ya ratsa tsagar ya matse su. Idan notin ya yi sako-sako, kowane taku sai haƙora su ci juna, yau kaɗan gobe kaɗan, har su shafe. Ranar da suka ƙare, mutum ya taka da ƙarfinsa, kik ya zame, ƙafa ta tafi banza, ƙwauri ya sha ƙarfe. Dattijon da ya fito da asuba zai tafi kasuwar ƙauye yana iya kwana bakwai a kwance saboda notin da sifana za ta ɗaure a ɗan lokaci.

Gyara na gaskiya ba shi da wuya in an yi shi da wuri. A kwance notin a zare shi gaba ɗaya, domin yana kwance ne cikin wani kwarmi a jikin sandar, in ba a zare shi ba kik ba ya fita. A wanke haƙoran duka biyu da kananzir, a duba su da rana. In suna nan da kaifinsu, a mayar, a sa sabon noti, a ɗaure tamau. In leɓɓan tsagar sun haɗu har noti ba ya iya ƙara matsewa, a faɗaɗa tsagar kaɗan da zarton ƙarfe. In haƙoran kik sun cinye, a sayi wani kik, kuɗinsa bai kai na sandar ba.

Amma walda, zafinta yana ƙona robar da ke tare baƙin mai a gindin sandar, inji ya fara yoyo. Kuma ranar da aka bukaci buɗe murfin injin, ba ya fita sai an yanke abin da aka liƙe, bakin sandar ya lalace. Sauya sandar kuwa, a waɗansu babura, sai an sauke inji an raba shi biyu. Watau an tsere wa kashe kaɗan an faɗa wa kashe mai yawa.

Wani zai ce talaka ne, kayan tsohon babur sun yi wuyar samu, kuma yana nesa da gari. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe ga mai babur, domin dukiyarsa ce, in ya san abin da zai biyo baya ya yarda, babu mai hana shi. Amma ba uzuri ba ne ga bakaniken da aka bar wa babur ya yi walda bai tambaya ba. A mazhabar Imamu Malik, masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su suka tafi da shi ya ɓaci a hannunsu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci wannan.

Mafi muni shi ne wanda ya goge waldar, ya shafa mata fenti, ya kai babur kasuwa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya yi wa mai shi faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Fenti a kan walda ɗan'uwan wannan ne. Hukuncin mai sayen da ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Dillalin da ya sani ya yi shiru don kada la'adarsa ta ragu, shi ma yana da rabonsa na alhaki.

Mai sayen tsohon babur, kafin a yi sallama, ya durƙusa ya kama kik ya girgiza, ya nemi notin da tsagar da idonsa, ya shafa ƙasan sandar ya ga ko yatsansa ya ɗauko mai.